Fayil Na Tamanin Da Bakwai

Stamen Belchinov bai taɓa jefar da takarda ba a rayuwarsa. Ko tikitin jirgin ƙasa ne, sai ya rubuta masa lamba da jan fensir ya saka a fayil. Shekara sittin ya yi yana rubuta littattafai a gidansa na bakin kogi a garin Lovech, kuma duk wasiƙar da ta fita daga gidan sai ya ajiye kwafinta na kabon, duk wadda ta shigo sai ya rubuta ranar isowarta a gefe. Kafin ya kwanta ciwon ajali ya aika wa wata cibiyar adana takardun marubuta jerin abin da ya tara, fayil ɗari biyu da sha biyu, suka ce za su zo su kwashe washegarin sadakar arba'in ɗinsa. Kafin arba'in dai ko tsinke ba a fitarwa daga ɗakin mamaci, tunda ransa yana nan yana zagaya gida, wannan kowa ya sani.

'Yarsa Nevena aka ce ta bi jerin ta tabbatar komai ya cika. Wa za a sa in ba ita ba? Shekara ashirin da shida ta yi tana buga masa tafireta, tana dafa masa abinci, daga baya har da wanka da juya shi a gado. Ran kwana tara da rasuwarsa ta zo kan lamba tamanin da bakwai, ta tarar babu shi a kabad. Jerin bai faɗi abin da ke ciki ba, harafi ɗaya kawai aka rubuta, N. Ta duba sama ta duba ƙasa, can ta tuna da aljihun teburinsa na can ƙasa, wanda makullinsa yake maƙale a sarƙar agogonsa. Agogon yana cikin ledar kayan da aka dawo da su daga asibiti.

Rubutun hannunta ta fara cin karo da shi. Wasiƙunta ne, ɗari da arba'in, waɗanda ta yi ta aiko masa daga asibitin masu taɓin hankali na bayan dutse, inda aka kai ta tana da shekara ashirin da biyu ta yi shekara shida. Ko ɗaya bai taɓa amsawa ba, ashe kuma ko ɗaya bai yar ba, kowacce da jar lambarta. A ƙarƙashinsu kwafin nasa wasiƙun ne zuwa ga babban likitan wurin. Ta ɗauki ta sama ta karanta.

"Likita, ni da kai mun san lafiyar yarinyar nan lau. Amma ta miƙe a gaban baƙi ta ce uwarta ce ta rubuta littafin da aka ba ni lambar yabo a kansa, kuma ta rantse sai ta sake faɗa. Ka riƙe min ita har ta koyi kama bakinta."

Irin wannan guda goma sha takwas ne. Nevena ta sulale ta zauna a ƙasa. Shekara talatin da biyu ke nan tana zaton da gaske kanta ya taɓa kwancewa, tana haɗiyar ƙwaya safe da yamma, in ta ji muryarta ta ɗan ɗaga sai ta yi maza ta sauke don kada a ce abin ya motsa. Nan ta tafka kuskuren da ya ja mata duk abin da ya biyo baya. Maimakon ta mayar da fayil ɗin ta ja bakinta ta yi shiru har ranar da masu kwasa za su zo, sai ta ɗauki takardar ta nufi kicin da ita kamar yarinyar da ta ciyo jarrabawa.

Yayanta Lachezar, tsohon sufeton makarantu, yana zaune yana shan gahawa, matarsa Gergina tana tsince alkamar sadaka a faranti. Tun ranar jana'iza suka tare a gidan, wai don kada a bar ta ita kaɗai.

"Yaya, karanta wannan," in ji ta. "Ashe lafiyata ƙalau. Ashe ban taɓa yin hauka ba."

Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa. Abin da ya fara tsorata ta shi ne ko alamar mamaki babu a fuskarsa.

"Ina sauran?"

"Suna nan."

"Je ki kawo min su."

Ta miƙa hannu ta zare takardar daga gabansa ta rungume. "Na cibiya ne, Yaya. Suna cikin jerin da Baba ya aika musu."

Gergina ta ɗago kai, murya a sanyaye, ta ce, "Nevena 'yar uwa, yau kin sha maganinki kuwa?"

Lachezar ya cire tabarau ya ninke. "Zauna in tuna miki wani abu. Tun wancan lokacin kotu ta sa ki a ƙarƙashin kulawar Baba, kuma ba a taɓa soke takardar ba. Yanzu Baba ba ya nan. Kin san hannun wa ta dawo?" Ya ajiye tabaraun a tebur. "Ba tsoratar da ke nake yi ba. Sa hannu ɗaya ne kawai ake buƙata a mayar da ke can, ni kuwa ba na fatan in ga ranar."

Warin wurin nan ta ji a hancinta kamar jiya ta baro shi, warin dafaffen kabeji da fitsari. Ta koma ɗakin Baba da baya da baya, ta tattara fayil ɗin, ta ɗaga rigarta ta ɗora shi a ciki, ta ɗaure tamau da dogon gyalen ulu na marigayiya uwarsu. Ta yi lissafi a ranta, saura kwana talatin da biyu. In takardun nan suka shiga hannun mutanen cibiya, duniya za ta karanta ta san ba mahaukaciya ba ce, kuma babu likitan da zai karɓe ta da sa hannun kowa. In suka salwanta, ba ta da wata shaida a bayan ƙasa.

Kada a yi zaton tausayi ne ya hana su danne ta su ƙwace. Gidan ne ba ya rabuwa da masu ta'aziyya, tsofaffin ɗalibai da 'yan jarida da makwabta, ihu ɗaya zai tara musu jama'a. Ban da haka Gergina ta fi tsoron surukinta yana matacce a kan yana raye. Da Lachezar ya yi zancen jefa takardun a murhu sai ta dafe ƙirji ta ce, "Ka rufa min asiri. Mutumin da ko tsohuwar jarida aka kunna wuta da ita sai ya kwana uku bai yi magana da kowa ba, shi za ka ƙona wa takardu yana cikin gidan yana kallo? Ni dai ba da hannuna ba." Don haka suka bi ta wata hanyar, mai sanyi, wadda ba ta barin tabo.

Ran kwana sha biyu Lachezar ya zo da sukundireba ya kwance sakatar ɗakinta da ta banɗaki. Ya ce, "Kina yawan jiri, kada ki faɗi a ciki mu kasa shiga." Yaushe ta yi jiri? Oho. Amma daga ranar Nevena ta daina wanka, don wanka sai an kwance gyale an ajiye fayil, kuma duk lokacin da ta shiga banɗaki sai ta ji takun Gergina ya tsaya a bakin ƙofa. Sai dai ta jiƙa tsumma ta goge wuya da fuska tana tokare da ƙofar da ƙafa ɗaya.

Bayan kwana uku ta sha shayin da Gergina ta haɗa mata, ta ji ɗan ɗaci a ƙarshen kofin. Ba ta san sanda barci ya sace ta a kan kujera ba da ranar Allah. Ta farka a firgice ta tarar maɓallan rigarta biyu na sama a ɓalle, Gergina tana tsaye a kanta, ga kuma ƙararrawar ƙofa tana ta ƙara, wasu baƙi sun iso. Su suka cece ta ba su sani ba.

"Gumi na ga kina yi, na ce bari in sassauta miki," in ji Gergina. "Mene ne wannan kika ɗaure a ciki kamar mai ciwon baya?"

Daga ranar ba ta ƙara cin abin da wani ya dafa ba. Ƙwai take dafawa da kanta ta ɓare da kanta, ta tari ruwan famfo a tafin hannu ta sha. Ƙwayoyinta ma ta daina sha, tunda ta san ba ta taɓa buƙatarsu ba, amma jikin da ya saba shekara talatin ba ya sakin abu cikin sauƙi. Hannunta ya dinga karkarwa, barci ya ƙaurace mata, idanunta suka faɗa. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai ta leƙa ta bayan labule ta ga ko fara ce, irin ta asibitin.

Abin takaicin shi ne duk dabarar da ta yi don ta tsira, ita suke ɗauka su kafa hujja da ita. Wata rana tana saukowa daga bene ta jiyo Gergina a zaure da tsohuwar makwabciyarsu, Goggo Paraskeva, wadda ta san Nevena tun tana rarrafe.

"Goggo, ni kam na rasa yadda zan yi. Ba ta wanka, kin dai ji warin da kanki. Ba ta cin abincina, wai guba nake zuba mata. Ni, da na baro gidana da jikokina na zo ina mata bauta. Jiya gas ta bari a kunne, Allah ne ya sa na shiga."

"Ayya, baiwar Allah," in ji tsohuwar. "Dama an ce irin ciwon nan rashi yana tayar da shi."

Nevena ta ƙarasa saukowa da sauri. "Goggo, ƙarya take yi, ban bar gas ba. Akwai takardu a jikina, Baba ne da kansa ya rubuta cewa lafiyata lau. Tsaya in nuna miki."

Ta fara kiciniyar ɗaga riga a tsakiyar zaure, gashi a hargitse. Tsohuwar ta ja da baya ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta ce, "Rufe jikinki, 'yata, rufe. Allah ya ba ki lafiya." Ta fice ko sallama babu. Kafin yamma unguwa ta ɗauka cewa 'yar Belchinov ta fara tuɓewa a gaban mutane.

Ran kwana ashirin da bakwai wani abokin Lachezar ya zo ta'aziyya, Dokta Rusanov, mutum mai fara'a da ƙamshin turare. Aka kira Nevena ta gaishe shi. Ya tambaye ta barci, ya tambaye ta abinci, sannan ya ce cikin wasa, "Ni fa tsufa ya fara kama ni. Yau nawa ga wata ne ma?"

"Ashirin da bakwai," ta amsa nan take.

Ranar kuwa huɗu ga wata ce. Ita kwanakin arba'in take ƙirgawa, su take kwana da su take tashi da su, har kalandar duniya ta ɓace mata. Ta gane kuskurenta ta buɗe baki za ta gyara, amma tuni likitan ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta wani abu, yana murmushi.

Da baƙon ya tafi Lachezar ya same ta a ɗakin Baba. Bai yi faɗa ba, ya zauna a bakin gado kamar mai jin nauyin jikinsa, har idanunsa suka kawo ruwa.

"Kina ganin ban ji ciwon abin da aka yi miki ba? Na ji. Amma ki tuna zamanin. Lambar yabon nan hukuma ce ta ba shi. In kika ce littafin na ƙarya ne, hukuma kika ƙaryata. Da Baba bai kai ki can ba, da su sun kai ki inda ko gawarki ba za mu gani ba. Ceton ki ya yi."

"Shekara shida, Yaya?"

"Ya kuma riƙe ki shekara ashirin da shida, ci da sha da sutura. Wannan ba a lissafa shi? Yanzu ana maganar sa wa makaranta sunansa. Jikokina da sunan nan suke shiga aji. Kina so a dinga nuna su da baki saboda abin da ya wuce tun ba a haifi iyayensu ba? Mama ta mutu, Baba ya mutu, likitan ya mutu. Wa za ki rama a kansa in ba mu ba?"

"Ba ramuwa nake nema ba. So nake mutum ɗaya ya karanta ya ce min, Nevena, ke ba mahaukaciya ba ce." Ta dube shi. "Kai ka sani tun lokacin, ko?"

Ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Ni a lokacin aure nake shirin yi, ina da nawa a gabana."

Washegari da hantsi ta jiyo shi yana waya a zaure, ya daɗe, yana ta "na gane, Malama" da "to yaya ƙa'idar take a irin wannan?" Daga ranar bai ƙara tambayarta fayil ba. Gergina ma ta daina laɓe a ƙofar banɗaki, har ta dinga ajiye mata ɗanyen ƙwai a kwano tana cewa, "Ga naki nan, ki dafa da hannunki mai albarka." Wannan sauƙin ya fi tsanantawar ba ta tsoro. Ta yi ta juya abin a ranta ta kasa gano inda suka dosa, sai ta ƙara tsuke gyalen. Gefen kwalin fayil ɗin ya riga ya ci fatar cikinta, wurin ya yi ja yana tsatsafo da ruwa, in ta yi numfashi mai ƙarfi sai ta ciji leɓe.

Ranar arba'in aka taru a maƙabarta. Limamin coci ya yi addu'a, aka zuba ruwan inabi a kan kabari, aka raba dafaffiyar alkama da burodi. Da aka zo kan iyali su sunkuya su sumbaci gicciyen kabarin, Lachezar ya sunkuya, Gergina ta sunkuya har da sheshsheƙa. Nevena ta gwada ta kasa, kwalin ya tokare ta daga ƙirji zuwa mara. Ta tsaya ƙiƙam a gaban mutum sama da ɗari, tana jin raɗarsu a bayanta, wai ko kabarin ubanta ta ƙi rusuna wa. Ta daure ta ce a ranta saura kwana ɗaya.

Da safe motar cibiya ta iso da ma'aikata biyu da tulin kwalaye. Shugabarsu Malama Yordanka Tasheva ce, mace mai furfura da farar safar hannu, ba ta da yawan magana. Ta zauna a teburin marigayin tana kiran lamba, ana miƙo mata, tana dubawa tana buga hatimi. Da ta ce "tamanin da bakwai", Nevena ta juya baya ta kwance gyalen. Sai da ta ɓamɓare kwalin daga fatarta. Ta ajiye shi a gaban matar da hannu biyu, ya lanƙwashe, ya yi damshi, yana wari.

Malama Yordanka ba ta yamutsa fuska ba. Ta ƙirga takardun ɗaya bayan ɗaya tana bin jar lambar, ta tsaya a kan ɗaya daga cikin kwafin wasiƙun ta karanta, ta karanta ta biyu. Ta ɗago ta dubi Nevena, ta daɗe tana dubanta, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Sun cika." Ta rubuta a rajista ta buga hatimi.

"Malama, yanzu babu mai iya ƙona su?"

"Babu. Ko ƙura ba za ta taɓa su ba."

Nevena ta fashe da kuka, irin kukan wanda aka sauke wa kaya. Tana cikin share hawaye Lachezar ya shigo da takardar miƙa kayan, ya ajiye a tebur, ya ce, "Malama, ga sharaɗin da muka yi magana a waya, na sa hannu a ƙasa."

Matar ta karanta, ta cire safar hannu ɗaya ta murza goshinta. Ta jawo wani kwali daban, ta saka fayil ɗin a ciki, ta fara ɗaure shi da farin zare.

"Me ya sa aka ware shi?" in ji Nevena.

"Ƙa'idar aikinmu ce," in ji matar, ba ta ɗago ba. "Duk takardar da ta shafi lafiyar mutum, iyali suna da ikon su ce a rufe ta. Yayanki ya nemi a rufe wannan."

"Har yaushe?"

"Shekara hamsin bayan rasuwar wadda abin ya shafa."

"Wace ce abin ya shafa?"

Ma'aikatan nan biyu suka ɗauki ɗaya daga cikin sauran kwalayen suka fita da shi.

"Don kare mutuncinki aka yi ƙa'idar," in ji Malama Yordanka a hankali. "Don kada kowane ɗalibi ya zo ya buɗe sirrin mutum yana raye."

"To ni ce mai mutuncin, ni ce mai sirrin. Na ce a buɗe. A manna a bango ma in ana so."

"Sai da sa hannun mai kula da ke."

"To ba ni abina."

"Ya riga ya shiga rajista, na buga hatimi. Ko ni ba ni da ikon fitar da shi yanzu."

"Amma kin karanta. Na ga kin karanta. Ki faɗa musu abin da kika gani."

Matar ta ɗiga jan kaki a kan ƙullin zaren ta danna hatimi. "Abin da aka rufe ba na iya magana a kansa, na yi rantsuwar aiki. Ki yi haƙuri."

Lachezar ya dafa kafaɗar ƙanwarsa. "Kin gani? Ba a ƙona ba, ba a yar ba, ga shi an adana miki har abada. Da an ƙona ma ai da masu bincike sun ga lamba ɗaya babu sun yi ta tono. Yanzu kowa ya huta." Sai a lokacin ta gane wayar da ya yi, ta gane ƙwan da aka dinga ajiye mata. Kwana goma sha uku suna kallonta tana yi musu gadin abin da za su kulle, kuma da hannunta ta miƙa.

Bayan kwana uku, da misalin ƙarfe tara na safe, mota ta tsaya a ƙofar gida, fara. Gergina ta riga ta haɗa mata jaka tun jiya, har da silifas sabo. "Hutu ne na sati biyu kawai, 'yar uwa, ki ɗan murmure. Kin ga yadda kika rame kuwa? Ni ma da zan samu mai kai ni in huta ai da na gode." Nevena ta riƙe ƙarfen bene da hannu biyu tana cewa, "Yaya, don Allah. Na yi shiru. Wallahi na koyi yin shiru." Lachezar yana tsaye a taga ya ba ta baya. Goggo Paraskeva tana leƙe daga nata gidan tana share hawaye, tana cewa gara dai a taimaka mata tun da wuri.

Likitar da ta karɓe ta a asibitin yarinya ce, ba ta fi shekara talatin ba, kuma ba muguwa ba ce. Ta duba rahoton Dokta Rusanov, ta duba gyambon da ke cikin Nevena, ta tambaye ta cikin ladabi.

"An ce kina ganin mahaifinki ya haɗa baki da likita aka tsare ki alhali lafiyarki lau. Har yanzu kina ganin haka?"

Nevena ta san amsar da ake so, ta kuma san abin da gaskiya za ta ja mata. Ta yi niyyar cewa a'a, bakinta ya ƙi.

"Ba gani nake yi ba, Likita. A rubuce yake, da sa hannunsa, wasiƙa goma sha takwas."

"Suna ina?"

"Suna cibiyar adana takardu, an kulle."

"Za a iya nuna min?"

"A'a."

"Sai yaushe?"

"Sai na shekara hamsin da mutuwa."

Likitar ta dube ta da tausayi, ta rubuta layi biyu, ta ƙara yawan ƙwayar.

Wanda duk ya je cibiyar nan yau zai ga aiki mai kyau, ba a ce ba. Takardun Stamen Belchinov suna ɗaki mai sanyi, ana auna damshin iskarsa sau biyu a rana, ba a taɓa ko tikitin jirginsa sai da farar safar hannu. A jikin jerin an rubuta cewa tarin ya cika cif, fayil ɗari biyu da sha biyu, ɗaya a rufe bisa buƙatar iyali, kuma masu bincike suna yaba wa iyalin da ba su ɓoye komai ba. Babu wanda ya karya doka a cikin labarin nan, kowa da takardarsa da hatiminsa, daga yayan har likitan. Ita kuwa matar da ta ɗauki fayil ɗin a fatar cikinta kwana talatin da biyu tana wani ɗaki mai gado goma sha biyu da taga ɗaya, sati biyun nata sun zama shekara uku, kuma babu mai auna komai nata sai ƙwaya. Shekara hamsin ɗin ma ba za a fara ƙirga su ba sai ranar da ta mutu. Nevena ta san da haka, kuma a ɗakin nan ba ta da wani aiki sai tunanin hakan.